Mai Sankarar Ciki, a Riƙa Duba Masa Zuciya

Duk wanda ya taɓa ratsa ƙasar Gobir ya san akwai tazara tsakanin Burkusuma da birnin Sakkwato. Matafiyi zai bi ta Sabon Birni, ya wuce Goronyo, ya yi ta sharar hanya sa'o'i kafin ya isa ƙofar babban asibiti. Ga mai lafiya ma tafiyar akwai wuya, balle ga wanda ciwo ya ci ƙarfinsa. Amma kuwa wannan hanya tilas ce ga duk mutumin Burkusuma ko Gatawa ko Isa da likita ya yi zaton sankara ta kama masa tumbi ko hanji, domin awon da zai tabbatar da cutar, da fiɗa, da magungunanta, duk sai a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ake samunsu.

Bari mu kwatanta da wani magidanci mai shekara 55. Ya daɗe yana ganin jini a bayan gida, yana shan maganin basir, har rama ta bayyana. 'Yan'uwa suka sayar da ɗan abin da ke hannu, aka kai shi Sakkwato, aka yi masa fiɗa aka cire ɓangaren hanjin da ya kamu, aka sallame shi da ƙwayoyin magani, aka ce ya dawo bayan mako uku. Ya koma gida kowa na murna. Bayan 'yan kwanaki sai ya fara jin nauyi a ƙirji, numfashi na gagararsa. Iyali suka ce gajiyar hanya ce. Kafin gari ya waye rai ya yi halinsa. A wurin zaman makoki kowa zai ce sankara ce ta kashe shi, babu kuwa mai musu. To, likitoci sun gano cewa a irin wannan mutuwa sau da yawa zuciya ce ta tsaya, ko kuwa gudan jini ne ya toshe hanyar huhu, alhali kuwa ana iya tare abin da an lura da wuri.

Wannan shi ne abin da muke so mu jawo hankalin masu karatu a kansa: duk wanda sankara ta kama masa ciki, zuciyarsa ma tana cikin haɗari, kuma duba ta ya fi maganin sankarar araha nesa ba kusa ba.

MECE CE SANKARAR CIKI?

Sankara, wadda wasu ke kira ciwon daji, cuta ce da ke faruwa idan wasu ƙwayoyin halittar jiki suka shiga hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, har su zama ƙari, su ci naman da ke kusa da su, kana su bazu zuwa wasu gaɓoɓi. Idan aka ce sankarar ciki, ana nufin wadda ta kama hanyar da abinci ke bi da gaɓoɓin da ke taimaka wa narkewarsa, watau bututun da ke sauka daga maƙogwaro zuwa tumbi, da tumbin kansa, da babban hanji har zuwa dubura, da hanta, da kuma wata tsoka da ke kwance a bayan tumbi wadda likitoci ke kira fankiriyas.

Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na ƙasar Faransa, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum wajen miliyan 20 suka kamu da sankara a duniya, miliyan 9.7 kuma suka mutu. Daga cikinsu sankarar babban hanji ta kashe kimanin 900,000, ta hanta 760,000, ta tumbi kuma 660,000. Idan aka haɗa sankarorin ciki wuri guda, su ne ke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa, da kuma kashi ɗaya cikin uku na masu mutuwa. A Nijeriya cibiyar ta ƙiyasta cewa kusan mutum 128,000 suka kamu da sankara iri daban-daban a wannan shekara, kusan 80,000 suka rasu.

A dā ana ganin sankarar hanji ciwon Turawa ne. Wani likita mai suna Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a ƙasar Uganda, ya bayyana a 1971 cewa da wuya a ga wannan cuta a ƙauyukan Afirka, ya kuma danganta hakan da cin tsabar da ba a raba ta da dusarta ba, irin geronmu da dawarmu. Yanzu kuwa cimarmu ta sake, musamman a birane, kuma asibitocin koyarwa na ƙasar nan suna ƙara ganin masu sankarar hanji, da yawansu ma ba su kai shekara 50 ba.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

Ciwon zuciya da na hanyoyin jini shi ne kan gaba wajen kashe mutane a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 ya kashe mutum miliyan 17.9, watau kashi 32 cikin 100 na dukan mace-macen shekarar, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali suka auku. Abin da ba a daɗe da auna shi sosai ba shi ne yadda wannan ciwo ke yi wa masu sankara.

A 2019 wasu masana na wata jami'a a Jihar Pensilbaniya ta Amurka suka buga sakamakon nazarin da suka yi a kan takardun masu sankara fiye da miliyan 3 da aka gano cutarsu tsakanin 1973 da 2012. Sun tarar kashi 38 cikin 100 sankarar ce ta kashe su, amma kashi 11 cikin 100 ciwon zuciya da na hanyoyin jini ne ya zama ajalinsu. A cikin masu sankarar babban hanji kuwa, adadin ya kai kashi 14 cikin 100, watau kusan mutum ɗaya cikin bakwai. Har ila yau sun lura cewa haɗarin ya fi tsanani a shekarar farko bayan an gano cutar.

Kafin wannan, a 2012, an buga wani nazari da aka yi a ƙasar Suwidin a kan mutum fiye da miliyan 6, daga 1991 zuwa 2006. An gano cewa a makon farko bayan an shaida wa mutum yana da sankara, haɗarin ya mutu da ciwon zuciya ko na hanyoyin jini yakan ninka fiye da sau 5 bisa ga na wanda ba shi da ita, a cikin mako huɗu na farko kuma fiye da sau 3. Abin ya fi muni ga masu sankarorin da ke da wuyar magani, cikinsu har da ta bututun abinci da ta hanta da ta fankiriyas.

Wajibi ne mai karatu ya auna waɗannan alkaluma da hankali. A waɗancan ƙasashe akan gano sankara da wuri, mutane su warke, su tsufa, sa'an nan ciwon zuciya ya riske su. A ƙasarmu kuwa yawancin marasa lafiya ba su isa asibiti sai cutar ta yi nisa, don haka ita ce ke kashe akasarinsu. Duk da haka darasin ya shafe mu, domin lokacin da binciken ya nuna ya fi haɗari, watau kwanaki da watannin farko, shi ne daidai lokacin da mutumin Burkusuma yake kan hanya ko kuwa yana gida, nesa da likitansa.

YADDA CIWON CIKI KE TAƁA ZUCIYA

Akwai hanyoyi huɗu da sankarar ciki ke jawo wa zuciya lahani.

Ta farko, cututtukan biyu suna da tushe guda a wurare da dama. Shan taba, da shan giya, da ƙiba, da ciwon sukari, da zaman wuri ɗaya ba motsa jiki, duk suna ƙara haɗarin sankarar ciki, suna kuma ɓata hanyoyin jini. Gishiri mai yawa yana ta da hawan jini, an kuma danganta shi da sankarar tumbi. Saboda haka mutum da yawa kan zo asibiti da sankara alhali zuciyarsu ta riga ta raunana ba su sani ba.

Ta biyu, cutar kanta. Sankara takan sa jini saurin daskarewa. Wani likitan Faransa, Armand Trousseau, shi ya bayyana wannan a 1865, bayan ya lura masu ƙari a ciki sukan yi fama da gudan jini a jijiyoyinsu. A farkon 1867 sai ya ga irin wannan alama a hannunsa na hagu, ya gane abin da ke tafe, kuma a cikin shekarar sankarar tumbi ta kashe shi. Har yau likitoci suna lissafa sankarar tumbi da ta fankiriyas a sahun gaba wajen haddasa gudan jini. Gudan yakan fara a ƙafa, ta kumbura ta yi zafi. Idan ya ɓalle ya bi jini zuwa huhu, mutum na iya faɗuwa nan take. Kwanciya bayan fiɗa, da ƙarancin ruwa a jiki, da doguwar tafiya a mota a takure, duk suna ƙara wannan haɗari.

Bugu da ƙari, ƙarin da ke cikin tumbi ko hanji yakan riƙa tsiyayar da jini kaɗan-kaɗan wata da watanni. Wani lokaci a ga jinin a fili, wani lokaci sai dai bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta. Idan jini ya yi ƙaranci, tilas zuciya ta ƙara gudu don ta isar da iska ga jiki, wadda kuwa ba ta da ƙarfi sai ta gaza. Amai da zawo kuma sukan zubar da wasu gishirin jiki, musamman wanda ake kira fotashiyam, rashinsa kuwa yakan rikita bugun zuciya.

Ta uku, magungunan sankara. Babban maganin da ake dogara da shi wajen sankarar hanji da ta tumbi shi ne wanda likitoci ke kira 5-FU, wanda aka ƙirƙiro a 1957, da ɗan'uwansa kafesitabin, wanda ya fito a 1998. Ga wasu 'yan tsiraru daga cikin masu karɓarsu, waɗannan magunguna kan sa jijiyoyin da ke ciyar da zuciya su tsuke, mutum ya ji ƙirjinsa kamar an ɗora masa dutse. Galibi hakan yakan faru ne a kwanakin farko na fara maganin. Abin lura a nan shi ne, 5-FU ta jijiya ake ɗura shi a asibiti, amma kafesitabin ƙwaya ne da akan ba mutum ya tafi da shi gida ya sha safe da yamma har mako biyu, ya huta mako ɗaya. Watau ranar da ƙirjin zai ɗaure, mai yiwuwa marar lafiyar yana ƙauyensu. Akwai kuma wasu magungunan da ke ta da hawan jini, da wasu da ke rage ƙarfin tsokar zuciya. Gashi da na'ura da ake yi wa mai sankarar bututun abinci shi ma yakan taɓa zuciya, domin bututun a bayanta yake wucewa.

Kada wannan bayani ya sa kowa ya guji magani. Amfaninsa ya rinjayi haɗarinsa ƙwarai, kuma sankarar hanjin da aka kama da wuri ana warkewa daga gare ta. Abin da ake bukata shi ne a san halin zuciyar mutum kafin a fara, a kuma sa ido bayan an fara.

Ta huɗu ita ce firgita. Binciken Suwidin da muka ambata ya nuna mutane na mutuwa tun a makon da aka faɗa musu labari, lokacin da da yawansu ba a ko fara yi musu magani ba. Tashin hankali yakan ɗaga jini ya hargitsa bugun zuciya. Don haka yadda ake shaida wa marar lafiya cutarsa, da wanda ke zaune kusa da shi a lokacin, da irin kulawar da zai samu a kwanakin da ke biye, duk suna cikin magani.

ZUCIYAR DA SANKARA KE TARARWA A ƘASARMU

A Turai da Amurka yawancin ciwon zuciya daga toshewar jijiyoyi da kitse yake tasowa. A nan kuwa babban abin da ke gajiyar da zuciyar manya shi ne hawan jinin da aka bari ba magani. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce baligi ɗaya cikin uku a duniya yana da hawan jini, kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, kuma huɗu cikin biyar ba su samun magani yadda ya kamata. Hawan jini ba ya ciwo, shi ya sa manomi zai yi shekara goma da shi yana aikinsa, zuciyar tana kauri tana gajiya a ɓoye.

Ga mata kuma akwai wata matsala ta dabam da ƙasar Hausa ta yi suna a kanta a littattafan likitanci, watau gazawar zuciya bayan haihuwa. Likitoci biyu na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun bayyana yawanta a Zariya a shekarun 1970, suka kuma yi zaton wankan jego da kunun kanwa suna da hannu. Wani nazari da aka buga a 2007 daga asibitin koyarwa na Sakkwato ya sami kimanin mace ɗaya cikin haihuwa 100 da wannan ciwo, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Binciken da ya biyo baya, wanda likitocin Kano suka jagoranta, ya fi karkata ga talauci da rashin isasshen abinci mai gina jiki. Ko mene ne dalili, macen da ta taɓa kumbura tana haki bayan haihuwa, lalle ta faɗa wa likita tun kafin a fara mata maganin sankara, ko da abin ya yi shekaru.

Sai kuma magungunan da muke sha da kanmu. Mai ciwon ciki yakan jiƙa kanwa ya sha, kanwa kuwa dangin gishiri ce, tana ƙara wa zuciya nauyi. Ƙwayoyin kashe zafin jiki irin su ibufurofen da dikilofenak, waɗanda ake sayarwa a kasuwa kamar gyaɗa, suna ƙara zubar jini a tumbi, suna ta da hawan jini, suna kuma tsananta gazawar zuciya. Ko asfirin, wanda ake ba wasu masu ciwon zuciya, bai kamata mai ƙari a ciki ya sha shi ba sai da izinin likita.

HANYA DA TSARO

Duk wannan zai zo da sauƙi da a ce hanya lafiya take. A watan Satumba na 2021 'yan bindiga suka kai hari sansanin jami'an tsaro da ke Burkusuma, a cikin watan ne kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa. A watan Disamba na shekarar aka ƙone matafiya a cikin mota kusa da ƙauyen Gidan Bawa. A watan Yuli na 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, yana kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, ya kuma rasu a hannun waɗanda suka sace shi a watan Agusta. Hanyar da ta ci basarake, ina ga talaka mai ɗinki a ciki?

Tun daga 2019 dubban mutanen wannan yanki suka tsallaka zuwa Jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, inda danginsu Gobirawa suke. Wasu kan nemi magani a can, domin Maraɗi ta fi musu kusa, kuma a 2021 aka buɗe cibiyar gashin sankara a birnin Yamai. Amma da aka rufe iyaka a watan Agusta na 2023 bayan juyin mulkin Nijar, wannan ƙofa ma ta toshe sai a watan Maris na 2024.

Maganin sankara kuwa ba na zuwa ɗaya ba ne. Akan yi shi zagaye-zagaye, bayan kowane mako biyu ko uku, har wata shida. Wanda ƙirjinsa ya ɗaure da tsakar dare a ƙauyen da ba mai iya fita, ana kukan targaɗe ne sai ga karaya. Tun da ba za a iya kai kowane marar lafiya kusa da likitan zuciya ba, abin da ya rage shi ne a kusanto da awo da sani zuwa inda yake.

MUTUWAR DA BA A RUBUTA BA

Wani abin da ke ɓoye wannan matsala shi ne rashin rajistar mace-mace. An fara rajistar masu sankara a Ibadan tun 1960, kuma yanzu asibitocin koyarwa da dama suna da irinta, amma rajistar asibiti tana sanin wanda ya zo ne, ba ta bin wanda ya koma gida. An ƙiyasta cewa wajen mutuwa ɗaya cikin goma kaɗai ake rubutawa a Nijeriya. Idan mutum ya rasu a ƙauye akan yi masa sutura a ranar kamar yadda addini ya tanada, a asibiti kuma sai a rubuta cewa bai dawo ba. Ta haka likita ba zai taɓa jin cewa maganin da ya bayar ya taɓa zuciya ba, hukuma kuma ba za ta ga dalilin sayen na'urar awo ba.

Akwai dabarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara don irin wannan hali, wadda ba ta bukatar a taɓa gawa. Ma'aikacin lafiya ne zai je bayan an share makoki, ya tambayi iyali yadda ciwon ya kasance a kwanakin ƙarshe, ya rubuta. Masu unguwanni da limamai, waɗanda ba a binne kowa ba da saninsu ba, za su iya taimaka wa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ƙwarai a wannan aiki.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta fitar da ƙa'idojinta na farko game da kula da zuciyar masu sankara a 2022. Ginshiƙinsu shi ne a auna kowa tun kafin a fara magani, kuma akasarin awon ba mai tsada ba ne.

Ga marar lafiya da iyalinsa: kafin a fara magani a nemi a auna hawan jini, da yawan jini, da sukari, a kuma ɗauki zanen bugun zuciya da na'urar da ake kira i-si-ji. A faɗa wa likita duk maganin da ake sha, na asibiti da na gargajiya. Wanda ke shan maganin hawan jini kada ya daina don an ce yana da sankara, sai in likita ne ya ce. Kafin a baro asibiti a karɓi takarda mai ɗauke da sunan cutar da sunayen magunguna da lambar wayar da za a kira. Bayan fiɗa a riƙa tashi ana takawa, a kan doguwar hanya kuma a riƙa motsa ƙafafu ana shan ruwa. A tambayi likita game da allurar hana daskarewar jini, wadda akan ci gaba da yi har mako huɗu bayan babbar fiɗar ciki.

Alamomin da ba a jira da su gari ya waye su ne nauyi ko zafi a ƙirji, da hakin da ya zo farat ɗaya, da kumburin ƙafa guda mai zafi, da kasa kwanciya rigingine saboda numfashi, da suma, da karkacewar baki ko mutuwar ɓarin jiki. Mai shan ƙwayoyin sankara da ya ji ciwon ƙirji ya dakatar da su nan take, ya nemi asibiti mafi kusa, a kuma sanar da likitansa.

Ga hukuma: ya kamata kowane ɗakin shan magani da ke aiki a Sabon Birni da Isa ya kasance yana da ma'aunin hawan jini mai lafiya da abin gwada yawan jini, manyan asibitocin garuruwan biyu kuma su sami na'urar i-si-ji da wanda ya iya aiki da ita. Zanen da aka ɗauka a Isa ana iya tura hotonsa ta waya a karanta shi a Sakkwato cikin minti kaɗan. Haka kuma masauki kusa da asibitin koyarwa, inda mutanen nesa za su zauna a makon farko na magani, zai ceci rayuka. Lokacin da Gwamnatin Tarayya ta fara asusun tallafa wa masu sankara a 2021, sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza kaɗai ya shafa, kuma a Arewa maso Yamma asibitin Zariya aka zaɓa. Hukumar binciken sankara ta ƙasa, wadda ta fara aiki a 2023, da hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Sakkwato, ya dace su tuna da masu sankarar ciki, su kuma sa awon zuciya cikin abin da ake biya musu.

Ga ma'aikatan gwamnati da ɗalibai: ku ne 'yan'uwa ke kira idan ciwo ya tsananta, a gidajenku ake sauka, ku ne ke karanta takardar likita. Idan kawu ko inna ta zo da wuyar haɗiya, ko ramar da ba dalili, ko jini a bayan gida, ko olsar da ta ƙi jin magani, kada a tsaya a kan cewa basir ne, a nemi a leƙa cikin da na'ura. In an tabbatar da sankara, ku yi wa likita tambaya guda: yaya zuciyarsa? Ku kanku kuma ku auna jininku. Wanda awonsa ya riƙa kai 140 bisa 90 ya ga likita. A rage gishiri da dunƙulen miya, domin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi bai kai giram 5 a rana ba, watau ƙasa da ƙaramin cokalin shayi. A bar taba. A zubar da gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, don dafinsu na jawo sankarar hanta. A kai jarirai allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, wadda ke cikin alluran yara a Nijeriya tun 2004, ana kuma so a yi ta farko a ranar haihuwa.

Na'urar gashin sankara sai gwamnati, kuɗinta ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma. Amma ma'aunin hawan jini, ƙungiyar matasan gari ma za ta iya sayensa ta ajiye a ɗakin shan magani. Mutanen Gobir sun sha wuya a 'yan shekarun nan, bai kamata wanda ya tsira daga hanya, ya tsira daga wuƙar fiɗa, ya zo ya rasa ransa don ba a ɗaura masa ma'auni a dantse ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kuma maido da zaman lafiya a wannan yanki.